Haruffa masu ƙugiya suna komawa alamar tambaya bayan na adana fayil a waya

Assalamu alaikum. Ina rubuta darussan Hausa da wata manhajar gyara rubutu a wayata ta Android, kuma yau kwana uku ke nan ina fama da matsala guda. Yayin da nake rubutu, haruffan ƙ, ɗ da ɓ suna fitowa daidai, amma da zarar na adana fayil ɗin, na rufe, na sake buɗewa, sai kowannensu ya koma alamar tambaya, har "ƙasa" ta zama "?asa".

Na shiga saiti na tarar tsarin haruffa yana kan Windows-1252, wanda ba shi da waɗannan haruffa, sai na mayar da shi UTF-8, wani tsarin haruffa da yake da su. Sababbin fayiloli sun daidaita. Tsofaffin kuwa, waɗanda su ne ainihin aikina, manhajar tana ci gaba da adana su a tsohon tsarin, ko da na sake buga haruffan da hannu. Na canza wa fayil suna, na goge manhajar na sake saukewa, duk a banza.

Don Allah, ta yaya zan tilasta wa manhajar ta adana tsohon fayil a UTF-8 ba tare da na kwafe kowanne zuwa sabo ba?