Landsat na mayar min da gonaki gidaje

Ɗan Pantami: Assalamu alaikum. Ina kwatanta hotunan Gombe na tauraron ɗan'adam Landsat, 1996 da bana, in ga yadda gari ya cinye gonakin Tumfure. Amma QGIS, manhajar taswira, sai ya lissafa fili fetal cikin gine-gine. Ina na kuskure?

Mai Taswira: Na wane wata ka sauke, ƙanena? Da rani busasshiyar gona da ginin laka kamanninsu ɗaya daga sama. Nemi na Oktoba a shekarun biyu: gona kore shar, kwano kuwa ba ya tsiro.

'Yar Bolari: Kowane ɗigo a hoton Landsat mita 30 ne a ƙasa, yana haɗiye gida har da garkarsa. Na tauraron Sentinel-2 mita 10 ne, sai dai a 2015 aka fara harba shi.

Ɗan Pantami: Kash, na Maris na sauke! Na gode, Yaya.