Hotunan biki sun tsaya a hanya: albam ɗin da na raba a Lightroom ya ƙi cika

MaiHotonZazzau ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa abokan sana'a. Ina neman shawararku kan wata matsala da ta hana ni sakat tun ranar Litinin. Na ɗauki hotunan wani biki a Zariya, tun daga kamu har zuwa buɗar kai, na gyara su a Lightroom Classic, manhajar gyaran hoto ta kamfanin Adobe, a kan kwamfutata mai Windows, sannan na zuba guda 640 a kundi ɗaya, na kunna masa daidaitawa (wato "sync") da ma'ajiyar intanet, na tura wa dangin amarya adireshin albam ɗin domin su zaɓi waɗanda za a wanke. Na kuma ba wasu daga cikinsu izinin ƙara hotunan da suka ɗauka da wayoyinsu.

Yayar amarya, wadda take zaune a Jidda, ita ce ta fara sanar da ni cewa hotuna 411 kawai take gani, kuma babu ko ɗaya na ranar walima. Da na duba na tarar gaskiya ta faɗa. Alamar gajimare da ke saman allo ta hannun dama tana nuna saura 229, kuma adadin nan bai motsa ba kwana uku ke nan, duk da cewa na bar kwamfutar a kunne dare biyu, na kuma sabunta data sau biyu a zatona ita ce ta ƙare. Su ma dangin sun ce nasu hotunan sun daina hawa. Wani abokina ya ce in danna "Delete All Synced Data" in sake komai daga farko, amma hankalina bai kwanta ba. Shin hakan ne mafita?

DattijonStudiyo ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malam, don Allah ka ɗage hannunka daga wannan maɓallin. Abin da yake yi shi ne share duk abin da ke ma'ajiyarka ta intanet, ba na wannan bikin kaɗai ba, kuma duk hoton da dangin suka ɗora wanda bai riga ya sauko kwamfutarka ba, kana iya rasa shi. Maganin ƙarshe ne, kai kuwa ko ciwon ba ka gano ba tukuna.

Ya kamata ka san abin da Lightroom Classic yake aikawa. Ba ainihin hoton yake ɗorawa ba, wani ƙaramin kwafi ne da Adobe ke kira Smart Preview, wanda tsawon gefensa mafi tsayi ɗigo (wato pixel) 2560 ne. Kafin manhajar ta haɗa wannan kwafin, sai ta karanta ainihin fayil ɗin daga inda katalog, wato rajistar da manhajar ke riƙe bayanan hotunanka a ciki, ya san an ajiye shi. Idan ba ta same shi a wurin ba, hoton zai zauna a layin jira ko da intanet ɗinka ya fi na kowa gudu. Tunda ka ce duk hotunan walima ne suka maƙale, zargina ya tafi ga wurin ajiya, domin matsalar data ba ta zaɓar rana guda ta ƙyale sauran.

Saboda haka ka buɗe kundin, ka lura da kusurwar sama ta kowane hoton walima. Idan akwai 'yar alamar motsin rai a wurin, ko kuma alamar tambaya a jikin foldarsu a jerin foldoji na hannun hagu, to manhajar ta ɓatar da hanyarsu. Wannan yakan faru ga masu aiki da faifan ajiya na waje, domin Windows yana iya ba faifan harafin E yau, gobe kuma ya ba shi F idan an riga an soka wani filashi. Ka danna foldar da maɓallin dama na linzami, ka zaɓi "Find Missing Folder", ka nuna mata inda take yanzu. Kada ka sake shigo da hotunan a matsayin sababbi, in ba haka ba za ka wayi gari da kowane hoto biyu-biyu, ɗaya da gyara ɗaya babu.

Tambaya ɗaya kuma: katalog nawa kake amfani da su? Asusu ɗaya katalog ɗaya kawai yake iya daidaitawa a lokaci guda, kuma na sha ganin wanda ya buɗe tsohon kwafin katalog daga ajiyar ko-ta-kwana yana mamakin me ya hana aiki tafiya.

HajiyaMaiKyamara ta amsa:

Bayanin Baba Dattijo ya wadatar a kan hotuna 229 ɗin nan, amma ina ganin tsayawar hotunan dangi wata matsala ce daban. Ƙananan kwafin da Classic yake ɗorawa ba a lissafa su a cikin gurbin ajiyar da ka biya, amma abin da aka ɗora daga waya ainihin fayil ne, kuma ana lissafa shi. Idan kana kan tsohon tsarin biyan kuɗin nan na Adobe mai gigabait 20, bidiyon rawa kaɗan daga sababbin wayoyi sun isa su cinye shi. Ka shiga lightroom.adobe.com da burauza, ka duba yawan gurbin da ya rage. A nan ne kuma za ka ga ainihin abin da ya isa ma'ajiyar, domin shi ne alƙali tsakanin abin da kwamfuta ke faɗa da abin da waya ke faɗa.

Sannan ka ce wa masu ɗorawa su duba saitin manhajar a wayoyinsu, saboda akwai zaɓin da ke hana ta aiki da datar layi sai an samu Wi-Fi, mu kuwa yawancinmu a nan da datar layi muke komai. A wani suna da na ɗauka bara, kwana biyu muka yi muna laluben dalili, ashe ɗan maɓallin amfani da datar layi ne a kashe a wayar uwar jego.

MaiHotonZazzau ya sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri. Yallaɓai, kamar kana tsaye a bayana. Hotunan walima na kwafe su ne a faifan waje saboda kwamfutar ta cika, kuma ranar Lahadi yaron shagona ya soka filashinsa kafin a haɗa faifan, harafin ya koma G. Ina nuna wa manhajar foldar, adadin ya fara sauka, cikin awa biyu ya dawo 6. Hajiya, ke ma kin yi gaskiya, gurbin ya cika maƙil da bidiyon dangi, na tabbatar sun sauko kwamfuta na yi musu kwafi, sannan na cire su daga ma'ajiyar. Katalog ɗaya nake amfani da shi.

Saura waɗannan 6 ɗin da suka ƙi motsi. Ina tunanin in kashe daidaitawar kundin in sake kunnawa, ko hakan zai zaburar da su.

DattijonStudiyo ya sake amsawa:

Alhamdu lillahi. Amma kada ka kashe daidaitawar kundin, domin albam ɗin da ke intanet zai tafi, adireshin da ka raba wa dangi ya mutu, kuma zaɓin da suka riga suka yi ta hanyar so da sharhi yana iya bin sa. Sai ka koma kana bin mutane ɗaya bayan ɗaya da sabon adireshi kana ba da haƙuri.

Ka shiga saitin manhajar, sashen "Lightroom Sync", ka nemo jerin abin da ke jira da sunan kowane fayil. Ka fara duba ko bidiyo ne, saboda Classic ba ya ɗora bidiyo zuwa ma'ajiyar ko kaɗan, don haka kowane bidiyo ka cire shi daga kundin ka aika ta wata hanya. Idan hotuna ne, ka buɗe kowanne a sashen gyara ka tabbatar fayil ɗin bai lalace ba wurin kwafewa daga katin kyamara. Lafiyayyun ka cire su daga "All Synced Photographs", wato jerin duk hotunan da aka daidaita, ka jira lissafin ya koma sifili, sannan ka mayar da su cikin kundin. Ka tuna cewa cirewa daga wannan wurin tana share kwafin da ke intanet, saboda haka waɗannan 6 kaɗai za ka taɓa.

Idan duk da haka sun ƙi, ka yi wa katalog ajiyar ko-ta-kwana, ka koma sashen saitin nan ka danne maɓallin Alt, wani ɓoyayyen maɓalli mai suna "Rebuild Sync Data" zai bayyana. Shi yana sake gina lissafin daidaitawa da ke kwamfutarka ne, ba ya share albam, sai dai manhajar za ta rufe ta sake buɗewa kuma aikin yakan ɗauki lokaci, don haka ka yi shi sa'ad da wutar lantarki ta zauna ba ta ɗaukewa. Game da faifan kuwa, ka shiga "Disk Management" a Windows ka ba shi harafi na can ƙarshe, kamar P ko X, wanda filashin yaron shago ba zai ƙwace masa ba, sannan ka sake nuna wa katalog foldar sau ɗaya.

MaiHotonZazzau ya rubuta:

Na duba jerin. Huɗu sun hau bayan na cire su na mayar, biyu kuwa sun lalace tun daga kati, rabin hoton toka-toka ne, na maye gurbinsu da waɗanda na ɗauka daƙiƙa ɗaya bayansu. Ban kai ga sake gina lissafin ba. Faifan yanzu harafin P yake ɗauke da shi, kuma yayar amarya ta aiko saƙo daga Jidda cewa ta ƙirga 640 cif, har ta zaɓi 35 da za a wanke.