Neman kalma: me za mu kira noise rock da Hausa?

Duk wanda ya saurari kundin Daydream Nation, wanda ƙungiyar Sonic Youth ta birnin New York ta fitar a 1988, sannan ya so ya yi bayaninsa da Hausa, zai tarar ba mu tsayar da suna ga salon kiɗan da ake kira noise rock ba. Rok dai a bar shi rok, kamar yadda aka bar rege. Ɗaya kalmar, wato noise, ita ce ke buƙatar nazari.

Abin da ya fi saurin zuwa baki shi ne "kiɗan hayaniya", amma ban gamsu da shi ba. Hayaniya ta taron jama'a ce, ta kasuwa da tasha, wadda babu wanda ya shirya ta, alhali abin da ke cikin wannan kundi da gangan aka tsara shi. Makaɗan jitar ƙungiyar, Thurston Moore da Lee Ranaldo, sun yi suna wajen sauya ɗaurin tsarkiya, wani lokaci su cusa makaɗin ganga ko sukundireba a ƙarƙashinta, su kuma kai jitar bakin lasifika har ta yi kukan nan mai huda kunne da muke ji idan makirufo ya matsa kusa da lasifika a wurin taro. Mai kula da na'ura yakan yi sauri ya kashe wannan kuka. Su kuwa riƙe shi suke yi, su ja shi, su gina waƙa a kansa.

"Ƙara" ta yi faɗi, domin har ta janareta ƙara ce. "Amo" kuma ya yi laushi.

Shawarata ita ce "rok na ƙaraji". Ƙaraji sauti ne mai zafi da ake fitarwa da niyya, kuma ya dace da kundin Atomizer na ƙungiyar Big Black, wanda ya fito a 1986, inda jitar Steve Albini ke kartar kunne a kan bugun na'urar ganga. Mai cewa ƙaraji na maƙogwaro ne ya tuna cewa mun saba cewa kalangu yana magana, goge yana kuka.

Sai dai kada a yafa wa post-punk, wani salon rok na daban, wannan suna. Kundin Unknown Pleasures na ƙungiyar Joy Division, na 1979, wanda ke cikin wannan salo, sanyi da kaɗaici ne suka rinjaye shi, don haka nasa sunan daban za a nema.