Wa zai riƙe mana ragamar hidimar yaro mai lalura ta musamman a Kano?

Maman Abba:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar masu sani. Yaro ne ɗan shekara 4, ciwon shawara ya kama shi a satin haihuwa, daga baya likita ya ce ya taɓa masa ƙwaƙwalwa, abin nan da suke rubuta CP a kati. Yana zama in an tokare shi, ba ya tafiya, magana sai 'yan sautuka, kuma yana shan maganin jijjiga safe da dare. Yanzu hannu ya yi yawa a kansa: likitan yara, masu gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi, an ce a gwada kunne, an ce a yi masa takalmi, ga maganar makaranta. Kowa da katinsa, kowa da ranarsa, babu wanda ya san abin da ɗan uwansa ya ce. Wani ya yi mana tayin zai riƙa bin mana komai, mu riƙa biyansa duk wata. A nan Kano wa ya kamata ya riƙe wannan aiki, kuma da me ake gane na ƙwarai?

Likitan Gashi:

Wa alaikumus salam Maman Abba. Allah ya ƙara masa lafiya, ya ba ku ladan ɗawainiya. A ƙasa irin Ostareliya akwai ma'aikacin da aikinsa ke nan, ya haɗa kan likita da malami da mai kayan aiki a kan yaro ɗaya. Mu a nan aikin a wuyan iyali yake faɗowa, don haka sai ku tsara shi da kanku. Mutum biyu kuke buƙata, ba ɗaya ba.

Na farko ɗan gida, mai riƙe littafi. Ya iya karatu da rubutu, wayarsa tana shiga, kuma shi ne zai riƙa zuwa kowace ranar asibiti ba a canzawa. Ba dole sai ke ba. Uwar da take goye da yaro, tana lallashinsa, tana share masa yawu, da wuya ta riƙe rabin abin da likita ya faɗa a minti goma. Ƙanwarki, kawunsa, ko babban yayansa duk za su iya. Na biyu ma'aikacin lafiya ɗaya da za ku ce masa kai tsaye: kai ne jagoranmu. Tunda akwai jijjiga, magana ta ƙarshe a kan magani ta likitan yara ce mai kula da ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, irin waɗanda ake gani a Asibitin Malam Aminu Kano. Amma mai bibiyar yau da gobe gara ya zama wanda ya fi yawan ganin yaron, yawanci likitan gashi.

Littafin nan kada a raina shi. A sayi mai bango mai ƙarfi, da folda ta roba don takardu. A shafin farko: suna, ranar haihuwa, lambar katin kowane asibiti, da sunan lalurar yadda likita ya rubuta da hannunsa. Na nanata wannan ne saboda a gari komai galahanga ake ce masa, alhali lalurori ne daban-daban, kowace da hanyarta. Sai sunan kowane magani, ƙarfinsa da ke jikin kwalba, mil nawa ake ba shi, sau nawa, da nauyin yaron a ranar da aka rubuta. Maganin jijjiga da nauyi ake auna shi. Yaro ya ƙara kilo uku ana nan a kan tsohon awo, jijjiga ta dawo, sai a ce magani ya daina ci a koma wani wuri, alhali gyaran awo kawai yake so. Kuma ba a yanke shi farat ɗaya. Da ya rage na sati guda a sayo wani. Duk jijjigar da ya yi a rubuta rana, lokaci, minti nawa, da zazzaɓi ko babu. In da hali a ɗauki bidiyo a waya a nuna wa likita. A kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali ko a ɗura masa komai, in ta wuce minti 5 a nufi sashen gaggawa.

Mai bibiya na ƙwarai ya san ba komai ake yi rana ɗaya ba. Jijjiga da haɗiya su ne gaba. Yaron da yake ƙwarewa ko tari duk lokacin cin abinci, muryarsa ta koma kamar da ruwa a maƙogwaro, abinci ne yake zarcewa huhu, shi ke kawo nimoniya a kai a kai. A zaunar da shi a miƙe, haɓa ta ɗan sunkuya, ƙaramin cokali, kunu mai kauri maimakon tsululu, ya zauna minti 30 bayan ci. Bayan wannan sai kunne, sai ƙugu. Yaron da ba ya tafiya ana so a fara yi masa hoton ƙugu tun wajen shekara 2, a riƙa maimaitawa duk wata 6 zuwa 12 yadda likita ya tsara, domin tsokar da ta ɗaure tana janye kan ƙashin cinya daga gurbinsa a hankali, ba tare da an lura ba. In yana harɗe ƙafafu kamar almakashi, ko yana kuka in an buɗa cinyoyinsa wajen tsarki, kada a jira. Wannan da takalmi aikin Asibitin Ƙashi na Dala ne. Ku nemi takardar turawa daga likitan da ke ganinsa, tana rage maimaita bayani da maimaita gwaji.

Anti Mai Walwala:

Hajiya, kafin ki ɗauki na biya, je ki ga na kyauta. A manyan asibitocin gwamnati akwai sashen walwalar marasa lafiya, wanda ake ce wa soshiyal walfeya. Aikinsu ke nan: su zauna da iyali, su duba ƙarfin gida, su rubuta rahoto, su nuna ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Mutane da yawa ba sa zuwa sai kuɗin sallama ya gagara, alhali tun ranar yankar kati ya kamata a san su.

Shi kuma wanda ya yi tayi, ban ce ki kore shi ba. Gidan da uba yana kasuwa, uwa tana da wasu ƙanana, mai kai-komo yana da amfani. Amma a zaunar da shi gaban maigida a yi masa tambayoyi. Me ya karanta? In ya ce shi mai gashi ne, ko mai koyar da magana, ko mai gwajin ji, ya nuna lasisinsa na bana daga hukumar MRTB, ita ce ke yi musu rajista a Nijeriya. In ba ma'aikacin lafiya ba ne, ya faɗa da bakinsa, aikinsa ya tsaya a kama layi, tuna rana, karɓo sakamako da bin takardu. Ba shi da hurumin ƙara ko rage magani. Yara nawa yake riƙe da su yanzu? Me zai yi a watan farko? Wanda ya san aiki zai ce a ba shi takardu ya karanta tukuna, ya ga yaron a gida, ya ga inda yake kwana da yadda ake ciyar da shi. Sannan a tambaye shi ƙiri-ƙiri ko yana karɓar kamasho a wani shago ko asibitin kuɗi. Wanda duk abin da aka ce sai ya nuna wuri ɗaya, dillali ne.

Sharuɗɗa kuma a rubuta, ko a rabin takarda ne, da shaida ɗaya. Gwajin wata 3 kafin a ɗore. Ladansa daban, kuɗin adaidaita sahu daban, kuɗin asibiti ku biya da kanku a wurin biya ku karɓi rasit. Asalin takardu suna gida, kwafi kawai zai riƙe. Ba zai saka hoton yaro a Facebook ko WhatsApp da sunan neman taimako ba sai da izininku, domin ana tara kuɗi da hotunan irin yaran nan iyayensu ba su ga ko sisi ba. Abu mafi muhimmanci, kada a bar yaron shi kaɗai da kowa, a ɗaki ko a mota, komai kirkin mutum. Yaron da ba ya magana ba zai iya kawo ƙara ba.

Takardun da za a tanada tun yanzu: ta haihuwa daga Hukumar Ƙidaya, lambar NIN ta yaron, rahoton likita mai hatimi, hotuna fasfo, da wasiƙar mai unguwa. Kusan duk inda za a nemi tallafi su za a tambaya. Da su a je KSCHMA, hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, a tambayi tsarin masu rauni, wanda ya haɗa da yara 'yan ƙasa da shekara 5 da masu buƙata ta musamman. Naki yana da 4, kada a yi jinkiri. In za a je Hukumar Zakka da Hubusi ko wajen wani mai hali, a tafi da rubutaccen farashin abu ɗaya takamaimai, keke ko takalmi. Ya fi saurin samun amsa a kan cewa a taimaka. Akwai kuma dokar hana nuna wariya ga masu nakasa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, wadda ta ba su haƙƙin ilimi kyauta har sakandare, kuma a ƙarƙashinta aka kafa hukumarsu ta ƙasa a 2020. 'Yan ƙungiyar masu buƙata ta musamman ta ƙasa, JONAPWD, reshen Kano sun san yadda ake bin waɗannan.

Maman Abba:

Allah ya saka da alheri. Mutumin ya ce yana da mai gashi da zai riƙa zuwa gida kullum, cikin wata uku yaron zai taka. Sannan dangi suna cewa a kai shi makarantar Tudun Maliki, wasu kuma a bari sai ya fara tafiya.

Malamar Ajin Musamman:

Yaya, kada a jira tafiya. Wasu yaran za su taka, wasu a keke za su yi rayuwa, amma dukkansu suna koyo, kuma shekarun nan na ƙasa da shida ba sa dawowa. Makarantar Tudun Maliki an fi saninta da kurame da makafi, saboda haka sakamakon gwajin kunne ne zai nuna ko can ce ta dace. Ni a ganina gwajin nan bai kamata ya jira komai ba, a nemi ranarsa a satin nan. Ciwon shawara mai tsanani jijiyar ji yake taɓawa. Irin wannan yaro zai iya juyowa in an tafa ko an buga ƙofa, amma magana tana isar masa a dagule. Har gajeren gwajin da ake sa ɗan abu a kunne yana iya cewa lafiya lau. A nemi wanda ake kira ABR, ana liƙa wayoyi a goshi da bayan kunne yaro yana barci. Yara da yawa an ɗauka ba su da fahimta, ashe ji ne ba sa yi sosai.

In makarantar unguwa za a kai shi, mai riƙe littafi ya je da ƙafarsa ya duba: matakala nawa ce zuwa aji, keke zai shiga ƙofar banɗaki, wa zai canza masa in ya ɓata, ɗalibai nawa ne a ajin. Ya yi magana da malamar ajin ita kanta, ba shugaban makaranta kaɗai ba, don ita za ta wuni da shi. Sashen Ilimin Musamman na Jami'ar Bayero wuri ne da za a nemi shawara a kan auna fahimtarsa da samun malamin da ya karanci fannin. Islamiyya ma a kai shi, ko na awa ɗaya ne, ya zauna cikin sa'o'insa.

Duk zangon karatu a ɗauki buri uku kacal, a rubuta a littafin, kowa ya sa hannu a kai: ya zauna minti 10 a kujerarsa kansa a tsaye, ya nuna kofi in yana jin ƙishi, ya zaɓi ɗaya cikin hotuna biyu. A yanka kwali a liƙa hotuna shida, ruwa, abinci, banɗaki, barci, waje, ciwo, a rataye inda idonsa ko hannunsa zai kai. Da wannan ake auna mai bibiya. Bayan wata uku a buɗe shafin a ga me ya motsa.

Likitan Gashi:

Maman Abba, wanda ya yanka miki ranar tafiya bai ma ga yaron ba, ki yi hattara da shi. Tabon da ke ƙwaƙwalwa ba ya ƙaruwa, amma ba ya gogewa. Abin da ake yi shi ne a hana gaɓoɓi sandarewa, a koya wa jiki abin da zai iya. Ba ɗan ruwa ba ne, ba kuma laifin kowa ba ne. Zuwa gida kullum ma ba shi ne ba. Mai gashi na ƙwarai zai zo sau ɗaya ko biyu a sati, ya koya muku da hannunku, ku yi sauran kwanakin cikin wasa da wanka da ciyarwa. Kuma sunan gashi kada ya ruɗe ku: ba da ruwan zafi da tawul ake yi ba, ba a kuma banƙare ƙafa da ƙarfi yaro yana ihu. Ƙashin yaron da ba ya tsayuwa ba shi da ƙwari, yana iya karyewa.

Takalmin roba a ƙafarsa ake gwada shi, ba a sayen na wani. A fara da awa ɗaya da safa ta auduga mai tsawo, a cire a duba dunduniya da idon sawu. Jan da bai baje ba bayan minti 20, a mayar a gyara, musamman a zafin Maris zuwa Mayu da gumi ke saurin saluɓe fata. Da yatsu sun leƙo gaba, ya yi masa kaɗan. Keke kuma kada a karɓi na manya don kyauta ne. Yaro zai zame, ya karkace, bayansa ya lanƙwashe. Faɗin mazauni daidai ƙugunsa, a bar tazarar yatsa biyu zuwa uku tsakanin bakin mazauni da bayan gwiwa, tafin ƙafa a kan matakinsa, da ɗamara a ƙugu. Kafin keken ya samu, ki ce wa mai gashin ya auna shi ya zana kujerar kusurwa da ɗan tebur a gaba, ki kai wa kafinta ya buga, a shimfiɗa soso a rufe da leda mai gogewa.