Likita ya ce in huta da ba da jini, ga matar aminina za a yi wa tiyata

Baban Ummi: Salamu alaikum 'yan uwa. Jinina O negative ne, shi ya sa wayata ba ta hutawa. Cikin shekara guda sau huɗu na bayar, na ƙarshe wata biyu ke nan. Yanzu in na hau benen ofis sai haki, ga jiri in na ɗago daga ruku'u. PCV ɗina, wato ma'aunin yawan jini, 39 ne, amma likita ya auna feritin ya ce ajiyar sinadarin ayon, wato ƙarfen da ke cikin jini, ta ƙare, in huta wata shida. To Laraba za a yi wa matar aminina tiyatar haihuwa, jininmu iri ɗaya. In bayar, ko in ce masa me?

Ɗan Kurmi: Maltina da madarar gwangwani, safe da yamma. Kwana uku ka dawo garau.

Sista: Malam Ɗan Kurmi, wannan ba ya maido da ayon. Leda ɗaya ta jini tana tafiya da ayon miligiram 200 zuwa 250. Ruwan jinin yakan dawo cikin kwana biyu, shi kuwa ayon sai an yi watanni. PCV yana iya nuna lafiya alhali rumbu ya yi ƙaf. Kuma ƙa'ida wata uku ce ga maza, huɗu ga mata, kai Baban Ummi ko ukun ba ka cika ba. Sha ƙwayar da aka rubuta maka da lemon zaƙi, ba da shayi ba, shayi yana hana jiki tsotsar ayon. In bayan gida ya yi baƙi kada ka tsorata. Ka ci hanta da nama da wake.

Na Gwammaja: A raba Bahaushe da shayi? Gara a zuƙe sauran jinin.

Ɗan Kurmi: Sista, sau tara na bayar, ke littafi kika karanta.

Sista: Shekara goma sha ɗaya ina soka allurar nan. Sau nawa aka auna maka feritin?

Na Gwammaja: Nawa ne ma gwajin? Ni dubu bakwai na biya.

Baban Ummi: Ni dubu goma sha biyar aka caje ni.

Maman Khalil: Ku bar batun gwaji. Haihuwata ta uku aka ce sai mun ajiye leda biyu. Ƙannena biyu suka bayar, ƙaramin ɗalibi ne, ko karyawa bai yi ba, a bakin ƙofa ya yanke jiki ya faɗi har haɓarsa ta tsage. Allah ya sauke ni lafiya, ko ɗigo ba a ƙara min ba. Bayan sati uku Innarmu ta kwanta a asibitin nan, muka ce a sa mata namu. Wai babu, an yi amfani da shi. Sai da maigidana ya sayar da wayarsa muka sayi leda ɗaya dubu ashirin da biyar. Har yau in na ga tabon yaron nan raina ɓaci yake.

Ɗan Kurmi: Hajiya an cuce ku, bara dubu goma sha biyu na biya.

Sista: Kuɗin leda da gwajin HIV da ciwon hanta ake karɓa, ba kuɗin jini ba. Kuma jini ba ya wuce sati biyar zuwa shida a firji.

Maman Khalil: Sati uku na ce, Sista. Samarin da ke zaune gindin dalbejiya a ƙofar asibiti suna jiran ciniki fa, su ma kuɗin leda suke karɓa?

Na Gwammaja: Akwai wanda na gani sau biyu cikin wata ɗaya, idonsa fari fat. Wa ke auna musu ayon?

Baban Ummi: Jama'a, Laraba jibi ce fa. Akwai mai O negative a cikin Kano?