Murɗewar tumbi da saifa a jikin kare: me hoto ke nunawa, ina yake ruɗi?

Sabuwar Likita: Salamu alaikum, manyanmu. An kawo babban kare mai zurfin ƙirji, ciki ya kumbura kamar ganga, yana yunƙurin amai ba abin da ke fita sai dalala. Wane hoto ke raba kumburin iska zalla da murɗewar tumbi? Kowa ya ba mu abin da ya saba gani.

Tsohon Hannu: Wa alaikumus salam. Kafin hoto, ƙarin ruwa ta jijiya tukuna. Sa manyan allurai a jijiyoyin ƙafafun gaba, domin kumburarren tumbin ya danne babbar jijiyar da ke dawo da jini daga bayan jiki, ruwan da aka sa ta ƙafar baya ba ya isa zuciya da wuri. In numfashi ya yi nauyi, a rage iskar.

Sannan eksire ɗaya ya isa: kwantar da shi a gefen dama. A lafiyayyen kare, bakin tumbi da ke haɗe da hanji yana ƙasa ta dama, a wannan kwanciyar ruwa ne ke cika shi. In tumbi ya murɗe, wannan bakin yana haurawa sama ta gaba, ya koma hagu, ya cika da iska. Za ki ga aljihun iska biyu, ƙarami a sama, babba a ƙasa, da wani lanƙwasasshen nama ya raba su kamar kantar ajiye kaya. In kika ga kantar nan, magana ta ƙare, sai tiyata. A gefen hagu alamar na iya ɓuya. Kuma kada a kwantar da shi rigingine, yana iya shaƙar abin da ya taso daga ciki; in ana son hoto na biyu a yi shi rub da ciki.

Likitan Tiyata: Haka ne, Yallabai. In ƙara da abubuwan da ke yaudara. Wucewar bututun da aka zura ta baki zuwa tumbi ba hujja ba ce cewa babu murɗewa, yakan wuce ko da an murɗe. Yawancin murɗewar tsakanin digiri 180 zuwa 270 take, amma in ta kai 360, sassan na komawa kusan mazauninsu, hoton ya yi kama da kumburi kawai. A nan jikin karen za a bi: dasashi fari fat, bugun jijiya mai rauni, iska na sake taruwa bayan an cire.

In an huda ciki da allura kafin hoto, ƴar iskar da aka gani a wajen tumbi ba lallai fashewa ba ce. Iska a cikin bangon tumbin kuwa alamar naman ya fara mutuwa ne, sai dai rashin ganinta ba ya wanke shi. Laktet, sinadarin da ke ƙaruwa a jini in nama bai samu isasshen jini ba, in ya wuce 6 mmol/L abin damuwa ne, amma ni na fi kallon ko ya sauka bayan ƙarin ruwa.

Mai Sikanin: Ga tumbi mai iska sikanin, wato hoton da ake ɗauka da sauti, ba ya da amfani, iska na tare sauti. Aikinsa na wajen saifa, wadda kan murɗe tare da tumbi ko ita kaɗai. In ta murɗe takan girma sosai, ta lanƙwashe, namanta ya yi duhu da farare-fararen layuka kamar saƙar raga. A duba gindinta inda jijiyoyi ke shiga: kitsen wurin na yin fari ƙal, mai kusurwa uku, jijiyoyin sun buɗe, wani lokaci da gudan jini a ciki. Dofla, wato saitin sikanin da ke nuna gudun jini, ba za ta nuna gudu ba.

Kuskuren da na fi gani shi ne saitin na'ura. In ma'aunin gudu na sama, ko sautin ya faɗa wa jijiyar a tsaye, ko lafiyayyar saifa za ta nuna babu jini. A sauke ma'aunin, a riƙe kusurwa ƙasa da digiri 60, a gwada wata jijiya a zurfi ɗaya don tabbatar na'urar na gani. A kuma tambaya ko an ba karen maganin kwantar da hankali na acepromazine, shi ma yana kumbura saifa, amma jini na gudu.

Sabuwar Likita: Na gode, Yaya. In an samu saifar a murɗe ita kaɗai, warwarewa ake yi?

Likitan Tiyata: A'a, ƙanwata. Ɗaure jijiyoyin ake yi a cire ta a yadda take. Warwarewa na sakin gudajen jini da dafin mataccen nama cikin jiki.

Tsohon Hannu: Kada a manta da huhu, shi ma wani ɓangarensa kan murɗe. In ruwa ya taru a ƙirji, a zuƙe a sake hoto. Ɓangaren da ya ƙi buɗewa, mai ƙananan kumfar iska a ciki, da bututun iskarsa ya kauce ko ya yanke kwatsam, shi ne abin zargi. A manyan karnuka irin Afghan yawanci ɓangaren tsakiya na dama ne, a Pug kuma na gaba ta hagu. In akwai CT, wato eksire mai nuna jiki yanki-yanki, da allurar rini, shi ke tabbatarwa, domin ɓangaren da ya murɗe ba ya ɗaukar rinin sosai.