Wace kalma za mu ba upskilling da reskilling a Hausa?

Mai fassara: Jama'a, kalmomin nan biyu sun cika takardun ITF (hukumar horar da ma'aikatan masana'antu ta Najeriya) da NBTE (hukumar kula da ilimin fasaha), kuma yawancinmu "horo" muke sa wa kowacce. Ina ganin da sake.

Malamin gyaran mota: Gaskiyarki, Hajiya, ba abu ɗaya ba ne. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023, cibiyoyin koyon sana'a suka shiga koya wa kanikawa mayar da mota ta yi aiki da gas ɗin CNG, wato iskar gas da aka matse. Tukunyar gas ɗin tana ɗaukar matsi na bar 200 (bar ma'aunin matsi ne), sai gas ɗin ya bi ta na'urar rage matsi kafin ya kai injekta mai fesa shi cikin inji. Ana koya musu ɗaure tukunya da maɗaurin ƙarfe, da jan bututu nesa da salansa, da shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa a ga ko zai yi kumfa. Wanda bai koya ba shi ne zai ɗauko tukunyar gas ɗin girki, wadda ba a ƙera ta don wannan matsin ba, ta tarwatse a wurin cikawa. Bakanike dai yana nan bakanikensa, sani ya ƙaro. Wannan shi ne upskilling. Na ce a kira shi "wasa hannu", kamar yadda ake wasa wuƙa.

Malamar Hausa: Malam, a baki ya yi daɗi, amma a rubuce ba mu sa alamar karin sauti. Yaro zai karanta shi wasan yara. Tun da muna cewa ma'aikaci ya tafi ƙaro karatu, a ce "ƙaro ƙwarewa".

Malamin gyaran mota: Na yarda. Ɗayar fa, wato reskilling?

Injiniyan lantarki: Ita kam barin layi ce. Mai gyaran janareta da ciniki ya ja baya, ya koma haɗa sola. Sanin fistin da fulogi ba zai yi masa rana ba. Daga tushe zai fara lissafin lodi: firij mai wat 150, in ya yi awa 10, ya sha wat-awa 1,500, daga nan ake auna batir da farantin sola. In waya ta yi siriri ta ɗau zafi, wuta ta zube a hanya. A ce "horon sauya sana'a".

Malamar Hausa: Ya ɗan yi tsawo, Injiniya, amma a bar "horon" ɗin. "Sauya sana'a" kaɗai zai haɗa har da wanda ya ajiye sifana ya koma sayar da shayi.

Mai fassara: Madalla. Na rubuta su haka.